Postlude: kiɗan da ake tashi da shi daga coci

'Yan uwa masoya kiɗa, kun san “intro” da “outro” da mawaƙa ke sakawa a albam. To akwai wata kalma da ta girme su nesa ba kusa ba, wato postlude, ana furta ta kamar “fostilud”.

Asalinta daga Latin ne. “Post” na nufin bayan, “ludus” kuma wasa, wato abin da ake kaɗawa bayan an gama. A cocinan Turai, idan an kammala sujada, an sa albarka, sai mai kaɗa ogan ya saki kiɗa zalla ba murya, jama'a na miƙewa suna fita. Ogan ɗin nan babbar na'ura ce mai bututai, iska ce ke busa su, ana danna ta da hannu biyu da ƙafa biyu. Kiɗan buɗewa shi ne prelude, na tsakiya interlude. Faransawa na kiran na rufewar “sortie”, ma'ana fita.

Kar a haɗa shi da recessional fa. Shi wancan ana yin sa ne lokacin da limaman coci da mawaƙa ke jerawa suna fita, sau da yawa da waƙa a baki. Postlude yakan biyo bayansa.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara shi ne Toccata na Charles-Marie Widor, Bafaranshe da ya shafe fiye da shekara 60 yana kaɗa ogan a cocin Saint-Sulpice da ke Paris. Ya rubuta shi a 1879, a matsayin sashen ƙarshe na simfoninsa ta 5. Sauri gare shi, ga ƙarfi, har yau a Ingila ana yawan rufe bikin aure da shi.

Kalmar ta fita daga coci ma. A jerin waƙoƙin Dichterliebe na Robert Schumann, na 1840, bayan mawaƙi ya yi shiru a waƙar ƙarshe, fiyano ne ke ci gaba shi kaɗai, kamar yana ƙarasa zancen da baki ya kasa faɗa. Shi ma postlude ake ce masa.

Ga inda matsalar take. Mai kiɗa ya kwana yana atisaye, amma da ya fara sai surutu da gaishe-gaishe su danne shi. Shi ya sa a wasu cocinan mutane ke zama har ya gama. Mu ma haka muke yi wa fim: da sunaye sun fara hawa allo sai mu kashe, alhali wani ya zauna a situdiyo ya tsara wannan kiɗan don ya raka mu da yanayin labarin.

Fim na gaba da za ku kalla, ku bar shi ya kai ƙarshe, ku saurari kiɗan rufewar. Wanne ne ya taɓa tsaya muku a rai?