Idan Banki Ya Ce "Dosiyenka Bai Wuce Ba"

A watan Oktoba, da zarar an ɗaure dammunan gero, hankalin mutanen Galmi da Tsarnawa da Gidan Idar yakan koma kan garka. Ana neman kuɗin irin albasa, da taki, da man injin ban ruwa, da ladan ƴan dashe. A wannan tsakanin ne ake yawan ganin magidanta da ƴar jakar takardu a hammata suna shiga bankunan Birnin Ƙonni da ƙananan asusun ba da rance, kuma da yawansu amsa ɗaya suke fitowa da ita: "Alhaji, sai haƙuri, dosiyenka bai wuce ba." Wani ya shura takalminsa ya kama hanyar gida yana ƙunƙuni. Wani ya tsaya tambayar inda ofishin darakta yake. Wani kuwa tun a bakin ƙofa ya fara lissafin wanda ya sani a Yamai da zai sa masa baki.

Ba a Ƙonni kaɗai ake wannan ba. A Amurka da Ingila cikin abubuwan da ake yawan hana mutane akwai katin bashi, wato katin da mutum ke sayayya da kuɗin banki ya biya daga baya. Kamfanin Diners Club ne ya fito da irinsa a 1950, katin da ya zama Visa ya biyo baya a 1958, sannan a 1986 katin Discover ya bazu da wani sabon salo: duk sayayyar da mutum ya yi, a ƙarshe a mayar masa da ɗan wani abu a matsayin gyara. Yau irin wannan kati yakan mayar da kashi 1 ko 2 cikin 100, kuma mutane na rububinsa. Wanda aka hana yakan shiga irin tunanin da manomin Galmi ke shiga, ko ya koma ya roƙi a sake duba maganarsa, ko ya haƙura.

Dokar Amurka ta ɗan share masa hawaye. Tun daga shekarun 1970 wajibi ne banki ya sanar da shi hukuncin cikin kwana 30, ya faɗa masa dalili ko ya nuna masa yadda zai nemi dalilin, kuma a yau yana da kwana 60 na karɓar rahoton tarihin bashinsa kyauta daga kamfanin da bankin ya dogara da shi. Bankuna da yawa na da ma'aikatan da ake kira a waya su sake buɗe takardar. Sai dai gyaran da ake wannan fafutuka dominsa ba daga aljihun banki yake fita ba. Mai kanti ne ke biyan lada a kan kowace sayayya, shi kuma ya ɗora a kan farashi. A 2015 Tarayyar Turai ta ƙayyade ladan da bankin mai kati ke karɓa a kan kashi 0.3 cikin 100, abin da ya sa gyaran Turai bai kai na Amurka tsoka ba. Ga kuma ruwa: a ƴan shekarun nan kuɗin ruwan katin bashi a Amurka ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara. Wanda ya bar bashi ya jima a kansa, ruwan ya cinye gyaran, har ya nemi ƙari.

A Nijar irin wannan kati sai an tona. Katunan da ke aljihun malaman makaranta a Illela ko ma'aikatan siminti a Malbaza, masu tambarin GIM-UEMOA ko Visa, galibinsu na cirar kuɗin da mutum ya riga ya ajiye ne. Abin da ake nema a nan a hana shi ne rancen noman rani, da jarin kasuwa, da bashin albashi na gini ko na shigar yara makaranta. Amma yadda ake auna mai nema ya fara kama da na can, kuma mutane kaɗan ne suka san da haka.

A 2013 ministocin kuɗi na ƙasashe takwas masu amfani da sefa a Afirka ta Yamma suka amince da doka guda ta kafa ofishin tattara bayanan bashi, wanda ake kira BIC. Kamfanin Creditinfo VoLo, mai hedikwata a Abijan, shi ya samu izinin babban bankin BCEAO, ya fara aiki a 2016. Bankuna da manyan asusun ba da rance suna aika masa labarin masu bashinsu: nawa aka ci, yaushe aka biya, kwana nawa aka makara. Cikin takardun da mai neman rance ke sa wa hannu ko dangwala wa yatsa cikin gaggawa, akwai wadda ke ba banki izinin leƙa wannan rumbu. Saboda haka bashin da aka bari a Madawa shekara uku da suka wuce yana iya riga mai shi isa Ƙonni.

Wannan doka ba ta bar mai nema hannu rabbana ba. Yana da haƙƙin ganin rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, yana da haƙƙin ƙalubalantar abin da ba daidai ba a ciki, kuma idan rahoton ne ya jawo aka hana shi, yana da damar neman a nuna masa. Abin da ba shi da shi, a Nijar ko a Amurka, shi ne wata kotu ko hukuma da za ta tilasta wa banki ya ba shi bashi. Banki ɗan kasuwa ne, yana juya ajiyar mutane, kuma ba a ɗaukaka ƙara a kan ɗan kasuwa don ya ƙi sayar da hajarsa a kan lamuni. Kuskure ake iya kai kuka a kansa. Shi ya sa tambayar farko ba "wa zan gani?" ba ce. Ita ce wadda mutane ke jin nauyin yi: "Malam, don Allah mene ne dalili?"

Kuskure kuwa yana faruwa, kuma yanayin takardun Nijar na ba shi ƙofa. A ƙauye guda ana iya samun mutum biyar masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. Dattawa da yawa ba su da takamaiman ranar haihuwa a katinsu, sai dai a rubuta "wajen shekara kaza", ko a liƙa musu 1 ga Janairu. Suna guda kuma ana rubuta shi ta hanya uku ko huɗu a rubutun Faransanci, gwargwadon kunnen magatakardan da ya fara rubutawa. A irin wannan hali bashin wani na iya hawa kan wani. Haka nan mutum na iya gama biya tsaf, amma asusun da ya ba shi rancen ya yi jinkirin aika labarin. Wanda ya faɗa cikin ɗayan waɗannan, ya dace ya koma, kuma ya koma da takarda a hannu: rasit ɗin biya, da shaidar kammala bashi daga inda ya ci, da wasiƙar ƙorafi wadda za a buga wa kwafinta hatimi da kwanan wata ya riƙe. Maganar baka a bakin kanta ba ta shiga kwamfuta.

Akwai tabon da gaskiya ne amma yana wankuwa. Wanda ya ba da cek babu kuɗi a asusunsa, sunansa na shiga wani kundi na daban a BCEAO, kuma hanin na iya kai shekara 5 idan bai biya ya daidaita ba. Mata da yawa kuma na shiga matsala ta hanyar rancen ƙungiya, inda kowa ke tsaya wa kowa: guda ta kasa biya saboda ciwo ko asarar kaya, sauran tara su wayi gari an rufe musu ƙofa. A nan roƙon darakta ba ya amfani. Sai an biya abin da ya saura, an karɓi shaida, sannan a sake neman.

Amma yawancin waɗanda ake mayarwa a Ƙonni da Malbaza da Illela ba tabo gare su ba. Ba su da sawu ne kwata-kwata. A ɗauki falken albasa da ke loda tirela a Tsarnawa zuwa Akara ko Abijan. A kaka guda miliyoyin sefa ke ratsa hannunsa, garin duka ya san amanarsa, manoma na ba shi buhu ɗari da kalmar baki. Kuɗin nan kuwa daga aljihun babbar riga suke zuwa teburin ƴan canji su koma naira, ko su bi ta Nita da Al Izza, ko su zama shanu a kasuwar Badagishiri. Ranar da ya zauna gaban ma'aikacin banki, yaron da bai kai ɗansa na fari ba, sai a buɗe asusunsa a tarar an buɗe shi wata biyu da suka wuce da jika ashirin. Aka tambayi rajistar kasuwanci, babu. Aka tambayi jingina, ya ambaci garkar da ya gada kaka da kakanni, wadda kowa ya san iyakarta amma ba ta da takarda. Alhaji ya ɗauki abin raini. A wurin ma'aikacin kuwa, babu abin da zai aika wa kwamitin da ke yanke hukunci, wanda sau da yawa ma ba a Ƙonni yake zama ba.

Wannan ba ya gyaruwa da komawa gobe. Yana gyaruwa ne da watanni. Tun daga Oktoban 2014 buɗe asusu da karɓar bayanin shige da ficen kuɗi na wata-wata suna cikin ayyukan da BCEAO ta ce bankuna su yi kyauta, don haka barin cinikin kaka guda ya ratsa ta asusu ba wani tsada ba ne. Ta fannin ƙasa kuma, dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye, da ake kira Kofo, daga matakin ƙauye zuwa na gunduma, masu ba da shaidar mallakar gado ko ta saye. Ba kowane banki ke karɓar wannan shaida a matsayin cikakkiyar jingina ba, amma ta fi rantsuwa nauyi a cikin dosiye.

Na ma'aikacin albashi lissafi ne kawai. Banki na son albashin ya riƙa sauka a wurinsa, kuma galibi ba ya yarda abin da za a yanka kowane wata ya wuce kusan kashi ɗaya cikin uku. Malamin da ya riga ya ci bashin babur, idan ya nemi na gini aka hana shi, abin da zai iya tattaunawa shi ne a rage adadin ko a tsawaita lokacin biya.

Wani lokaci ma laifin ba na mai nema ba ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin ƙungiyoyin yankin, CEDEAO da UEMOA, ya rufe iyakar da ke tsakanin Ƙonni da Illelar Sakkwato, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, bankuna suka riƙa ƙayyade abin da mutum zai cira daga ajiyarsa. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, iyaka ta buɗe a Maris. Bankin da ke fama da biyan masu ajiya ba zai saki sabon rance da sauƙi ba, ko dosiye ya kai kyan me.

Sai kuma maganar lokaci, wadda ita ce ta fi raba manomi da mai neman katin gyara. Ba'amurke na iya jira wata shida ya sake nema, ba abin da ya rasa sai ƴan daloli. Albasa ba ta jira. Rancen da ya fito a Janairu, bayan an yi ta kai gwauro da mari, ya tarar lokacin dashe ya wuce. Don haka mai hankali yakan raba ƙafa: yana bin gyaran takardunsa, yana ƙwanƙwasa wata ƙofar. Akwai rancen jinginar amfanin gona, wanda wani shirin hukumar abinci ta duniya, FAO, ya yaɗa a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990: ƙungiyar manoma ta zuba gero ko wake a sito, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin ƙungiya ɗaya wurin mai ba da rance, a karɓi kuɗi a yi noman rani, a fanshi hatsin lokacin da ya yi daraja. Akwai asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991 kafin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Akwai asusun gwamnati na FISAN, da aka kafa a 2017, mai haɗa tallafi da rancen banki da ɗan abin da manomi ya kawo. Wanda kuma ruwa ne ke damun zuciyarsa, Bankin Musulunci na Nijar na aiki da tsarin murabaha, inda banki ke sayen injin ko kayan ya sayar wa mai nema da ribar da aka sani tun farko. Shi ma dai sai ya ga takardu.

Ƙofar da ta fi saurin buɗewa ita ce ta mai kuɗin gari da ke ba da rance a kan albasar da ba a tono ba, ya yanka farashin buhu tun tana ganye. A 2014 hukumomin kuɗi na yankin suka saukar da iyakar ruwa zuwa kashi 15 cikin 100 a shekara ga bankuna, da 24 ga ƙananan asusu. Mai kuɗin gari ba ya kiran nasa ruwa, amma wanda ya kwatanta farashin da aka yanka masa da na kasuwa a watan da albasar rudu, wato ta ajiya, ke fitowa zai ga inda gumin ya tafi. A gefe kuma ga masu cewa a ba su na goro su "tura dosiye" ko su goge suna daga kwamfuta. Bayanin da ke rumbun BIC, wanda ya aika shi ne ke iya gyara shi.

Ƴan kasuwar Ƙonni da ke da asusu a tsallaken iyaka suna ƙarƙashin wata doka ce dabam. Najeriya na da kamfanonin bayanan bashi uku, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, da dokar 2017 da ta ba kowa rahoto kyauta sau ɗaya a shekara. Mai ƙorafi zai fara rubuta wa bankinsa, idan ba a warware ba ya wuce sashen kare masu hulɗa da banki na babban bankin ƙasar, CBN. Lambar tantance mai asusu ta BVN, da aka fara a 2014, ta rage rikicin suna, amma ta zo da nata ƙarfin: tun 2020, wanda ya sa hannu a takardar rance ya kasa biya, banki na iya bin wannan lamba ya cire kuɗinsa daga asusun da yake da shi a wani bankin.