Ɗan fari a labaran Hausa: mai ɗaukar kaya, marar kirari

Da wuya a sami wanda ya tashi a ƙasar Gobir, ko a Sabon Birni ko a Isa ko a ƙauyukan bakin gulbin Rima, bai ji tatsuniyar Ɗan Auta ba. Iyaye za su rasu, suka bar wa babbar 'yarsu wasiyya guda: kada ta bari ƙanenta ya yi kuka. Yaro ya ce sai ya cinna wa rumbuna wuta, ta hana, ya wangame baki zai yi kuka, ta ƙyale shi, abincin shekara ya zama toka. Ta saɓa shi a baya suka shiga duniya, duk garin da suka sauka sai ya jawo musu fitina, ita ce mai ba da haƙuri, ita ce mai gudu da goyo. Daga ƙarshe Auta ya kashe Dodo, sarki ya yi masa kyauta, tatsuniyar ma sunansa ta ɗauka. Yarinyar da ta yi ɗawainiyar kuwa, sau da yawa ko sunanta ba a faɗi.

Haka labaranmu suka saba yi wa ɗan fari. A labarin Bayajida, wanda Gobirawa ke da rabo a cikinsa ta wajen Duma ɗan Bawo, ɗan da aka fara haifa shi ne Biram, kuma a Garun Gabas uban ya bar uwarsa ya wuce. Karbagari ya zo na biyu, amma gadon Daura sai ya faɗa hannun Bawo, ƙaraminsu. Ni a ganina tushen wannan yana cikin gida, wato alkunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, da an yaye shi sau da yawa kaka ko gwaggo ke ɗauke shi riƙo. Baba ta Karo ta bayyana wannan al'ada dalla-dalla a littafin tarihin rayuwarta da Mary Smith ta fitar a 1954. Yaron da ya girma a haka yakan koyi haɗiye magana tun yana ƙarami, ya iya kawaici, sa'an nan a ɗora masa ƙanne a ce babban wa uba, a ƙara da cewa babba juji ne. Mai irin wannan hali ba ya yi wa mai tatsuniya daɗin baki, domin tatsuniya mai rawar kai take so.

Wani zai ce ai ɗan fari ba abin tausayi ba ne, shi ne magaji. Magajin me? Rabon gado na Musulunci bai ƙara wa babba ko ƙwayar gero a kan ƙanensa namiji ba. Sarautar Gobir ma ba ta san da wannan gata ba: a Alkalawa, daga Bawa Jan Gwarzo sai ɗan'uwansa Yakuba, sai Nafata, kafin Yunfa ɗan Nafata ya hau, birnin ya faɗi a zamaninsa a 1808. Abin da babba ke gada shi ne riƙon gandu, aurar da ƙanne da sasanta rigima.

Akwai kuma masu kafa hujja da binciken da aka wallafa a 2015, wanda ya duba mutum fiye da 20,000 a Jamus, Birtaniya da Amurka, bai ga wani tasirin kirki na jerin haihuwa a kan hali ba. Na yarda da binciken, ya ma ƙarfafa maganata. Ba a haihuwar mutum da kawaici don ya riga kowa zuwa. Abin da gida ya ɗora masa shi ke sassaƙa shi, kuma gidajen da aka auna ba su san alkunya ko riƙo ba. Balaraba Ramat Yakubu ta gane haka a littafinta Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, inda miji ya kori Rabi da 'ya'ya tara, babbar 'yarta Saudatu ta zama abin jinginar gidan. Irin wannan rubutun bai yawaita ba.

A gabashin Sakkwato yau maganar ta wuce hira. Harin 'yan bindiga na watan Mayun 2020 kaɗai ya hallaka fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni, kuma dubban iyalai sun tsallaka jihar Maraɗi. Duk gidan da aka kashe uba, akwai yaron da ya ajiye allo ya ɗauki fartanya, akwai yarinyar da ke bin layin ruwa da ƙane a baya, tana lallashinsa kada ya yi kuka. Marubutanmu, musamman 'ya'yan Gobir da ke riƙe da alƙalami, ku rubuta mana labarin wannan yarinya daga bakinta, ku kuma kira ta da sunanta.