Dokin laka da sandar awo

Duk wanda ya girma a Tawa, ko Barmu, ko Kalfu, ko Tamaske, ya san aikin da yara suke yi a bakin tabki in ruwa ya fara ja da baya. Su ɗebo laka su murza, su fitar da doki da wuyansa da sirdinsa, su ɗora masa barde, su soka masa ƙayar aduwa a hannu ta zama mashi. In kaka ta yi, karan hatsi ya bushe, sai a koma ga fere kara: a yi raƙumi da totuwa, a yi mota, a yi bindiga. Daga nan sai a ja daga, unguwa da unguwa, har magariba ta raba su. Yau wannan sana'a tana ja da baya, musamman cikin birni. Sojan roba ya cika kasuwa, wayar salula kuma ta riƙe hannun da ya kamata ya murza laka.

Manya ma suna da nasu yaƙin na zaune, watau dara. Kayanta ba a sayen su. A haƙa gida 30 cikin rairayi, jeri 5 na gida shida shida, wannan ya ɗauki tsinke 12, wancan ya ɗauki tsakuwa 12. A zuba ƴaƴa ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a fara tafiya gida guda guda, wanda ya jera uku ya ci ɗa ɗaya na abokin karawarsa. Dara tana koya haƙuri da hangen nesa, tana kuma koya wa mai gaggawa ma'anar dara ta ci gida. Abu ɗaya ne ba ta da shi: ƙasa. Filinta shimfiɗe yake, babu dutse, babu ƙorama, babu rijiya. Yara kuwa suna da dawaki da mayaƙa, amma ba su da doka; mai ƙarfin murya shi ke cin yaƙi. Haɗa waɗannan biyu, siffar mayaƙa da dokar wasa, bisa fili mai kama da ƙasar gaskiya, shi ne abin da Turawa suke kira wasan yaƙi na bisa tebur.

Asalinsa a ƙasar Purusiya ne, wadda wani ɓangarenta yau yake cikin Jamus. A 1812 wani mai suna Reisswitz ya kai wa sarkinsu tebur da ya ƙera, da tuddai da koguna da ƙauyuka waɗanda ake jerawa yadda aka so. A 1824 ɗansa, hafsan soja, ya gyara wasan: ya shimfiɗa taswira, ya yanka guntayen dalma ya shafa musu ja da shuɗi, ya tsai da cewa kowane zagaye daidai yake da minti 2 na yaƙi, ya kuma sa alƙali tsakanin masu wasa. Shugaban hafsoshi, Janar Müffling, ya gani ya yaba, aka shigar da wasan cikin horon soja. Bayan Purusiya ta ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, rundunonin ƙasashe da yawa suka kwaikwaya.

A 1913 marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya fitar da littafin Little Wars, ya mai da abin wasan gida. Sojojinsa na dalma ne na kanti, amma sauran kaya shi da abokansa suka yi: tudu da alluna, itatuwa da rassan lambu, gidaje da kwali da guntayen katako. Tafiya kuwa da igiya ake auna ta, dakare ƙafa ɗaya, watau santimita 30, mai doki ƙafa biyu. Har yau, da kamfanoni irin Games Workshop na Ingila suke sayar da sojoji masu tsada, masu wasan da yawa da hannunsu suke yin tudu da ganuwa da abin awo.

To, mu a Adar me za mu saya? A ganina, ko alli.

A fara da fili. Tsohon ƙyaure, ko tabarma, ko dandamalin zaure, a zuba rairayi kaurin yatsa biyu. Wanda zai tsara shi ya dubi ƙasarmu yadda Allah ya yi ta: tudun duwatsu mai faɗin kai, wanda kwaruruka suka tsattsage, irin Majiya da kwarin Keita da na Badagishiri, sa'an nan arewa ƙasa ta buɗe ta nufi Tadis da Azawak. Falalen duwatsu su ne tudu, a bar ƴar hanya tsakaninsu wadda doki ɗaya kawai zai bi. A zuba toka siririya ta zama ƙorama. Ganyen kaba da aka tsattsaga ya zama kurmi, laka ta zama ganuwa, ƙaya ta zama shingen zango. Murfin kwalba shi ne rijiya, kuma kada a raina shi, domin a arewacin Adar wanda ya riƙe rijiya da rani ya riƙe ƙasa.

Mayaƙa su ne aikin da ke son natsuwa. Lakar tabki ita kaɗai takan tsage in ta bushe, sabili da haka a cuɗa ta da ƙaiƙayi ko busasshen kashin jaki, kamar yadda magina suke yi. Kada doki ya wuce tsawon yatsa, in ba haka ba fili ba zai ɗauki runduna ba. Ƙafafunsa huɗu su zauna bisa ɗan faifan laka, don kada ya faɗi cikin rairayi. A shanya a inuwa kwana biyu ko uku, rana tana fasa shi. Wanda ya san mai ginin tukwane ya roƙe ta ta sa masa su cikin wutarta, sai su yi shekaru. Dakaru da ƴan baka sun fi sauƙi da kara: gaɓa ɗaya jiki, tsinke da zare baka, guntun fata daga wurin baduku garkuwa, ƙaro kuma ya manna su. Barde mai lifidi a naɗa wa dokinsa tsumma, domin a gane shi daga nesa. Runduna ɗaya a shafa mata jar ƙasa, ɗaya farar ƙasa ko shuni. Tun farko a yarda cewa mutum-mutumi ɗaya yana tsaye a madadin mutum 20, ko 50, yadda aka ga dama.

Amma duk cikin kayan nan babu kamar sandar awo. In aka ce a auna da taƙi, rigima ta tashi, domin hannun babba ba ɗaya yake da na yaro ba. A yanke sillen kara uku: gajere na dakaru, santimita 10, na raƙumi 15, na doki 20. A hau dutse, rabin sanda. Dokin da ya yi zagaye uku bai kai rijiya ba, a cire shi. Raƙumi a ba shi shida. Da wannan doka guda yaro zai gane abin da ya sa masu raƙuma suka daɗe suna da iko a arewa, da abin da ya sa manoma suka riƙa gina garuruwansu a gindin duwatsu. In runduna biyu suka haɗu, a tsaga gaɓar kara biyu a sami tsagi huɗu, a watsa su sama, a ƙirga waɗanda suka faɗi rigingine. Wanda yake bisa tudu ko bayan ganuwa a ƙara masa ɗaya. Ko dala ɗaya kada a ɗora a kai, in an ɗora ya zama caca. Kwanto kuwa da ƙwarya ake yi: a kifa uku, ɗaya kawai ke da mayaƙa, alƙali kaɗai ya sani.

A nan ne waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci suke da aiki. Dokokin a rubuta su da Hausa bisa kwali, a rataye, kowa ya gani. Alƙali ya riƙe takarda yana rubuta zagaye da hasara. Karatu ne da lissafi, ba tare da an ce wa kowa zo lakkol ba.

Labarin da za a buga ba sai an je nesa ba. Akwai zuwan Agabba, ɗan Sarkin Agadas, wanda ya karɓe Adar daga hannun Kabi wajen 1674, ya dawo ya zauna cikinta a 1721. Zuriyarsa ce ke sarauta a Illela. Akwai yaƙe-yaƙen Jilani da Ibra a farkon ƙarni na 19. Akwai karon Kel Geres da Faransawa a Galma, kusa da Madawa, a 1901, inda takobi da mashi suka gamu da bindiga. Malam Djibo Hamani ya rubuta tarihin Adar na kafin zuwan Turawa tun 1975, da Faransanci, malaman lakkol suna iya ɗebo wa jama'a daga ciki.

Wani uba zai ce: a wannan zamani, a jahar da aka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya ran 21 ga Maris 2021, yaƙi ne za a koya wa yara? Tambayar tana da nauyi. Wells kansa, shekara ɗaya kafin Yaƙin Duniya na Farko, ya yi fatan ƙaramin yaƙi ya nuna wa mutane wautar babba. Sojan roba da wasan salula harbi kawai suke nunawa. Wanda ya kwana uku yana gina dawaki 10, ya ga an kwashe 7 cikin zagaye ɗaya don bai lissafa nisan rijiya ba, ya koyi wani abu dabam. Sai dai akwai sharaɗi, kuma alƙali ne zai tsare shi: ba a raba yara bisa ƙabila ko asali. Ɗan Bahaushe da ɗan Buzu da ɗan Bafillace ƙuri'a ce za ta ba kowa rundunarsa, in an gama kuma a sauya gefe a sake bugawa.

Lokacin tara kaya shi ne kaka, sa'ad da kara yake da yawa, lakar tabki kuma ba ta ƙafe ba. Waɗanda aka gama a jera su cikin tsohuwar tukunya, a zuba ƙaiƙayi tsakaninsu, a rufe, a ɗora bisa dutse saboda gara.