Bayani A Kan Zaɓen Manhajar Buga Hoto Baƙi Da Fari

'Yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai na Batsari da Safana da kewaye, yau ba farashin gero da dawa na kawo maku ba. Magana ce a kan buga hoto baƙi da fari da injin nan mai fesa tawada, wanda yara ke ce ma firinta. Dalili kuwa, mu masu hatsi na nan Darini mun tara kuɗi an buga mana katin shaida a wani shago, kowa da hotonshi. Cikin shago hotuna sun yi kyau. Da muka fito rana sai ga fuskar kowa kore-kore, kamar an shafa mata kuka. Kafin kaka duk sun koɗe. Mai shago ya ce laifin manhaja ne, watau tsarin da ake ɗora ma kwamfuta ta sarrafa hoto, wai in mun ƙara kuɗi zai sayo mai tsada. Sai na bi ba'asin abin, tun da na san da yawanku na shawarar saya ma 'ya'yansu wanga inji su kama sana'a.

Ku sani, ƙaramin inji tawada 4 gare shi: shuɗiya, da ja mai ruwan hoda, da rawaya, da baƙa. Shi kuwa hoto baƙi da fari galibinshi ruwan toka ne, mai duhu da mai haske. Tun da injin ba shi da tawada mai ruwan toka, sai ya gauraya launukan nan ukku ya kwaikwayo ta. In ɗaya ta ɗan rinjaya, sai hoto ya karkata kore ko ja-ja. Abin da ya fi ban haushi, gaurin yakan nuna wata kama ƙarƙashin fitila, ya nuna wata a rana. To, wanga ciwo daga tawada yake, kuma manhaja ba ta iya ba inji abin da babu cikin tulunshi.

Masu yin inji sun san haka. Cikin 2005 kamfanin Epson na ƙasar Japan ya fito da inji mai suna R2400, mai baƙi iri 3: baƙi ƙirin, da toka-toka, da toka mai haske, kana ya sa wani sashe na musamman domin baƙi da fari cikin manhajar da ke zuwa tare da injin. Ita wagga manhaja direba suke ce mata, kuma sunan ya dace, don ita ke tuƙa injin. Duk wanda ya mallaki irin wanga inji, ya fara da direbanshi, ba sai ya biya ko sisi ba.

Akwai kuma wadda ake kira QuadToneRIP, wadda wani Ba'amurke, Roy Harrington, ya tsara, an daɗe ana sayar da ita dala 50. Gwana ce, don tana ba mutum iko ya auna ma kowace tawada rabonta, kamar mai awo da mudu. Amma fa domin injinan Epson aka yi ta, galibi manya masu baƙi fiye da ɗaya, kuma tana son haƙuri da karatu. Kada ɗanka ya biya sai ya ga sunan injinshi cikin jerin waɗanda take aiki da su. Ba a cinikin biri a sama.

Photoshop kuwa, wadda kowa ke ambato, aikinta gyaran hoto kafin a buga. Tun 2013 aka daina sayar da sabuwarta, haya ake ba da ita, kuma takan nemi intanet lokaci-lokaci ta ga ko an biya. Mu nan mun ga abin da ya faru watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a Batsari da Safana da Jibiya da wasu ƙananan hukumomi har watanni. Ni dai ba ni ɗora cin abincin yaro a kan abin da ke jiran sabis. GIMP kyauta ce, tana maida hoto baƙi da fari, tana ƙara haske da duhu, ta ishe shi.

To mai ƙaramin inji fa? Ya nemi wurin da direba ke cewa a buga da baƙa kaɗai. Hoton zai ɗan yi tsaki-tsaki in an duba kusa, amma ba ya kore, kuma ga katin shaida ya wadatar. Sai dai a lura, injina da yawa ba su yarda da baƙa kaɗai sai an gaya masu takardar gama-gari ce. In aka zaɓi mai sheƙi sai su koma gauraye a ɓoye. Kuma kada a bar manhajar gyara da direba su duka su daidaita launi, a bar ma ɗaya.

Batun koɗewa, wanda ya yi makarantar allo ya san tawadar gawayi da ƙaro daban, ta bagaruwa da ake rubutun takarda da ita daban. Haka nan ma. Akwai tawada ta rini, mai araha da sheƙi, rana na cinye ta, ruwa na jiƙa ta ta zuba. Akwai mai gari, wadda baƙarta dangin kunkunniya ce, tana daɗewa. Yawancin ƙananan injina masu tulu a gefe ta rini suke sha, sai a tambaya tun kafin a ƙirga kuɗi.

Yanzu in zan ba da aiki, samfur nake karɓa, yadda nake soka buhu in ga abin da ke ciki. A buga mani hoto ɗaya mai farar riga da baƙar hula, ya kwana ya bushe, in dube shi a inuwa da rana da fitila. Zanen ɗinkin riga ya fito, hula kada ta zama dunƙulen baƙi. Kana in rufe rabinshi da kwali in aje gaban mota mako 2, in buɗe in gwada. Katinmu dai mun sake bugawa da baƙa kaɗai, ba a sayi manhajar kowa ba, kuma mai shago ya ɗauki rabin hasara bayan dattawa sun sa baki.