Kirci da Ma'aunin Man Likita

Duk manomin rani a fadamar Rima, daga Ambursa har Argungu, ya san shinkafa kullum ruwa take so, amma maganin feshi sai an ga ƙwari. A auna da murfi, a fesa, a rataye tanki. Wanda ya mayar da feshi aikin kowace safiya, da hannunsa zai ƙone gonarsa. To haka fatar babban mutum mai fama da kirci take, ciwon nan da fata ke bushewa, ta yi ta ƙaiƙayi har ta tsattsage, galibi a lanƙwasar hannu, bayan gwiwa da wuya, ya kuma tsananta da zarar hunturu ya kama.

Ban-ruwan fata shi ne basilin ko man kaɗanya. A shafa da an fito wanka jiki na da sauran danshi, safe da yamma, ko da ciwon ya lafa. Feshin kuwa shi ne man da likita ke rubutawa, mai sinadarin sitiroyid, kuma hawa-hawa ne. Hydrocortisone mai kashi 1 cikin 100 ba shi da zafi, har a fuska ana sa shi. Betamethasone ya fi shi ƙarfi. Clobetasol shi ne gagara-badau, bai dace da fuska ko matsematsi ba. Ma'auni a yatsa yake: a matso daga kan manuniya zuwa gaɓar farko, wannan ya isa wuri mai faɗin tafin hannu biyu. Sau ɗaya ko biyu a rana, yawanci mako ɗaya zuwa biyu, sannan a dakata yadda likita ya ce.

Inda ake yin ɓarna shi ne kemis. Mutum ya nuna hannu, a miƙo masa haɗin gambiza, man da aka cakuɗa sitiroyid mai ƙarfi da maganin makero da na ƙwayoyin cuta. Kwana biyu ƙaiƙayi ya ɗauke, sai ya ce ya dace, ya yi ta shafawa wata da watanni. Daga nan fata ta yi laushi kamar za ta yage, nanƙarwa ta fito, ƙuraje su feso, wurin ya yi fari fat. Ran da ya daina kuma ciwon ya dawo da fushi. In ma makero ne tun asali, sitiroyid rufe shi yake yi yana yaɗuwa ta ƙasa.

Akwai kuma masu tsoron man, su ɗan taɓa kwana biyu su ajiye. Su ma ba su tsira ba, susa ce za ta kai su ga gyambo.

Malam, in ƙaiƙayi ya hana ka barci, Birnin Kebbi ba nisa. Je Asibitin Sir Yahaya a duba fatar da ido, ka kuma tafi da kwalayen duk mayukan da ka riga ka shafa.