Gaskiya ko Jita-jita: Samarin da Ba Su Dawo Daga Burma Ba

A gidaje da yawa a Arewa akwai labarin wani kawu ko ƙanen kaka da aka ɗauka soja yana saurayi, ya tafi Burma, shiru har yau. Labarin ya daɗe yana yawo a baki, ya kwashi ƙari.

An fi cewa yaƙin Hitila suka tafi. Zamanin dai na Hitila ne, amma wanda ya faɗi a Burma bai ga Bajamushe ko ɗaya ba. Sojojin Japan ya tarar, waɗanda suka ƙwace ƙasar daga hannun Ingila a 1942. Dakarun Afirka ta Yamma runduna biyu aka kai, ta 81 da ta 82. Ta farkon ta ratsa teku ta ƙasan Afirka ta Kudu zuwa Indiya a 1943, ta shiga kwarin kogin Kaladan. Ta biyun ta biyo baya ta fafata a yankin Arakan. Wata birged ɗin 'yan Nijeriya kuma aka haɗa ta da dakarun Cindit na Janar Wingate a 1944, waɗanda ake saukewa da jirgin sama a bayan abokan gaba. Hausa ce harshen bariki, har hafsoshin Turawa sai da suka koya.

Cewa duk da bindiga suka mutu kuwa, jita-jita ce. Dubbansu ma ba masu harbi ba ne, 'yan dako ne da ke ɗaukar harsasai da abinci a ka, a dajin da mota ba ta shiga. Zazzabin cizon sauro da atini sun kwantar da mutane fiye da harsashi nesa ba kusa ba. Saurayin da ya saba da sararin Katsina, sai ga shi cikin damina mai wata da watanni, tufa ba ta bushewa, matsattsaku na shan jininsa.

To, tilas aka yi musu? Nan maganar ta rabu biyu. Wasu albashi da kaki suka ja su. Wasu kuwa Bature ya nemi adadi daga sarki, sarki ya nema daga hakimi, hakimi daga dagaci, kuma kowa ya san ɗan wa ake miƙawa idan abu ya zo ta haka.

Jita-jitar da ta fi ci mini rai ita ce cewa sun ɓace ba kabari ba suna. Gaskiya ne ba a dawo da gawa gida ba, domin ƙa'idar Ingila a wancan lokacin ita ce a binne soja inda ya faɗi. Amma a maƙabartar Taukkyan, arewa da birnin Yangon, akwai kaburburan 'yan Afirka ta Yamma, akwai kuma ginshiƙai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na sojojin da ba a san makwancinsu ba, namu na ciki. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ta zuba sunayen a intanet, kowa na iya dubawa kyauta. Wahalar ita ce yadda akawun soja ya rubuta su: sunan yanka, sai sunan gari a madadin na uba, wane Kano, wane Bauci, da rubutun da kunnen Bature ya ji. Mai neman kakansa sai ya haɗa da lambar soja ko bataliya, in tsohuwar takarda ta tsira a adaka.

Sa'adu Zungur ya yi wa waɗanda suka dawo waƙar Maraba da Soja. Wuraren da sauran suka kwanta kuwa, da sunan dakarun Cindit, sun zama sunayen bariki: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Cindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, Myohaung da Arakan a Legas. Ranar tunawa da mazan jiya ma an ɗauke ta daga 11 ga Nuwamba zuwa 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970.