Daga Sabulun Salo zuwa Omon Gida: Waiwaye a kan Sana'ar Haɗa Garin Wanki a Taloka

Gabatarwa

Taloka gari ne a ƙaramar hukumar Goronyo ta Jihar Sakkwato, a yankin kwarin Rima wanda ya haɗa da Wurno. Akasarin mutanensa manoma ne, kuma noman fadama da ƙurar hunturu kan sa wanki ya zama hidimar kullum ga uwargida. Wannan maƙala ta duba yadda haɗa garin wanki a gida ya shiga sahun sana'o'in mata, da kuma abin da ya bambanta shi da sabulun gargajiya.

Sunan da Asalinsa

Bahaushe ya daɗe da sanin sabulu. Ita kanta kalmar daga Larabci aka aro ta. Shi kuwa "omo" sunan hajar kamfanin Unilever ne, amma ya faɗaɗa har ya zama sunan kowane irin garin wanki, kamar yadda "magi" ya zama sunan kowane ɗunƙulen ɗanɗano. Saboda haka, matar da ta ce tana haɗa omo garin wanki take nufi, ko da babu ruwanta da kamfanin.

Dalilin Bunƙasar Sana'ar

A watan Maris na 2023 Unilever ya bayyana janyewarsa daga harkar kayan wanki a Nijeriya. A ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni darajar naira ta faɗi, sannan a Disamba kamfanin Procter & Gamble, mai Ariel, ya ce zai koma shigo da hajarsa daga waje. Kayan wanki suka yi tsada, kuɗin dakonsu daga birni zuwa ƙauye ya ƙaru. A gidan da ake da 'ya'ya da yawa, neman mafita ya zama tilas.

Yadda ake Haɗawa

Kayan haɗin su ne kostik soda, soda-ash, man alayyadi, salfonik, haidurojin, kala da turare. Ana jiƙa kostik da soda-ash kowanne a robarsa su kwana. Washegari a zuba ruwan kostik cikin mai ana juyawa, a bi da sauran kayan. Haɗuwar mai da kostik ita ke haifar da sabulu. Salfonik na ƙara kumfa da ƙarfin cire maiƙo, soda-ash na tausasa ruwan zartsi wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa, haidurojin kuma na sa haɗin ya kumbura ya yi sauƙin marmashewa. Daga nan sai a shanya, a murje, a tankaɗe.

Aikin yana da haɗari. Kostik na ƙona fata, yana kuma iya makantarwa. Shi ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba masa ruwa, kuma ba a haɗa shi a tukunyar alminiyam domin yana cin ta. Ruwansa garau yake kamar na sha, don haka barin sa inda yara ke wasa ganganci ne.

Bambancinsa da Sabulun Salo

Za a iya ɗauka cewa omon gida komawa ce ga gargajiya, amma ba haka abin yake ba. Mai sabulun salo takan ƙona kara, ta tace tokar, ta dafa ruwanta da man kaɗanya ko kitse. Gona da daji ne suka ba ta kayan aiki. Sinadarin toka sabulu mai laushi yake bayarwa, kostik kuwa mai tauri wanda ake iya mayarwa gari. Mai omon gida sayen kayanta take yi, yawancinsu kuma daga waje ake shigo da su. Rangwamen da take samu ya fito ne daga kuɗin leda da talla da ribar dillalai waɗanda ta kauce wa. Idan dala ta tashi, kostik ma tashi yake yi. Wato an rage tsada, amma ba a kuɓuta daga kasuwa ba.

Kammalawa

Omon gida ya sauƙaƙa wa iyali, ya kuma ba matan kulle jari daga cikin ɗakunansu. Sai dai ilimin toka yana hannun tsofaffi, 'yan mata kuwa sun fi sanin salfonik da awonsa. Ya kamata manazarta Hausa su je garuruwa irin su Taloka su taskace kalmomi da matakan haɗa sabulun salo daga bakin masu yin sa, su kuma rubuta sababbin kalmomin aron da omon gida ya kawo, tun masu sanin na farkon suna raye.